Ƙugiya Ba Ado Ba Ce

Sunan garinmu 'Yankara, amma da wuya ka ga an rubuta shi haka. A taswira da takardun hukuma da kanun labarai, abin da za ka tarar shi ne Yankara, an datse masa baƙinsa na farko kamar yadda ake datse wa akuya kunne. Maƙwabciyarmu Ƙanƙara ta fi mu asara, domin ita ƙugiya biyu aka kwashe mata. Lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin a daren 11 ga Disamba, 2020, sunan ya zaga duniya cikin kwana ɗaya, ya kuma zaga ta a gurguje. Ban ga laifin ɗan jaridar Ingila ko na Amurka ba, don babu wannan sautin a harshensa, babu harafin a rubutunsa. Wanda nake tuhuma shi ne Bahaushen da ya zauna ya rubuta labarin da Hausa, don Hausawa, bakinsa yana furta Ƙanƙara, hannunsa yana rubuta Kankara, bai kuma ji komai a ransa ba.

Cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, a duba abin da ya sami Ƙafur da Ɗandume da Ɗanja da Ɗanmusa. A duba Caranci, wadda har yau take sanye da rigar da Turawa suka ɗinka mata. Hatta sunan gidan da ya ba Nijeriya shugaban ƙasa a 2007, 'Yar'aduwa, an bar masa alamar tsakiya an yar da ta farko. To, sunayen hukuma na Ingilishi wata magana ce daban, wadda doka ta ɗaure. Magana tawa a kan rubutun Hausa take, inda babu dokar da ta hana mu, sai sakaci.

Na ce sakaci, amma kalmar ta yi wa abin sauƙi. Raini ne. Dalilina kuwa ga shi: mutanen da suka fi kowa ɓata rubutun Hausa ba su ne waɗanda ba su yi makaranta ba. Ɗan bokon da zai kwana bai yi barci ba idan aka kama shi ya kuskure harafi ɗaya a wasiƙar Ingilishi, wanda zai buɗe ƙamus sau uku kafin ya aika wa maigidansa saƙo, shi ne zai juyo kan harshen da ya sha a nono ya watsa shi yadda ya ga dama. Idan ka yi masa magana ya ce, ai Hausa ce. A cikin wannan amsa ta kalma uku duk cutar take. Ma'anarta ita ce Ingilishi yana da ƙa'ida, Larabci yana da ƙa'ida, har yaro ya sha bulala a makarantar allo idan ya mai da wani harafi wani, amma Hausa jakar magori ce, kowa ya zuba abin da ya samu.

Bari in fara da alamar da aka cire wa garinmu, domin ita aka fi yi wa kallon banza. Mutane da yawa sun ɗauka ɗigon da ke gaban 'y kwalliya ce, ko kuwa waƙafi ne da ya ɓata hanya ya hau sama. Baƙi ne cikakke. Masana tarihin harshen sun nuna cewa kalmar 'ya daga ɗiya ta samo asali, kuma mu da muke zaune a bakin iyakar Zamfara ba ma bukatar littafi ya gaya mana haka, don kullum muna jin masu cewa ɗiyata a inda Bakano zai ce 'yata. Ke nan wannan ɗan ɗigo shi ne abin da ya rage na harafin ɗ. Wanda ya jefar da shi ya mai da 'ya'ya yaya, ya mai da 'yar mutum abin da aka yar. A Jamhuriyar Nijar ma harafi suka ba shi mai zaman kansa, ƴ, da ƙugiyarsa kamar 'yan'uwansa.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce wai ai ana ganewa. Mai karatu Bahaushe ne, in ya ga kasa a cikin jimla ya san ko ƙasa ake nufi, ko macijiya, ko gazawa. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya kamata a tsaya a kanta. Gaskiya ne mahallin magana yana taimakon mai karatu. Abin da masu wannan hujja ba su lura da shi ba shi ne, tun asali rubutun boko ya riga ya ɗora wa mahallin kaya iya wuyansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai kuma dogon wasali da gajere, kuma rubutunmu na yau da kullum bai nuna ko ɗaya daga cikinsu. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Fari na launi da fari na rashin ruwa rubutunsu ɗaya. Gado na kwanciya da gado na mamaci haka. A taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 an kawo shawarar a riƙa ninka dogon wasali a rubuce, Nijar ta bi na wani lokaci, Nijeriya ba ta bi ba, har aka zo aka daidaita a taron Yamai na 1980. Wato da gangan aka yarda mai karatun Hausa ya riƙa cike waɗannan gurabu biyu da kansa. Jakin da aka riga aka ɗora wa mangala biyu ne ake so a ƙara wa na uku da na huɗu, a ce ai yana tafiya.

Yana tafiya, sai ranar da ya durƙushe. Ƙasarmu ƙasar noma ce, masara da dawa da waken suya da auduga, kuma cinikinmu da yawa a 'yar takarda yake ƙarewa, ko a saƙon waya. A ɗauka mutum ya rubuta wa ɗan'uwansa: Buhu goma na bashi. Me ya ce? Idan nufinsa buhu goma ne aka karɓa a kan za a biya, ya rubuta daidai. Idan kuwa nufinsa buhu goma na ba shi, wato ya miƙa wa wani, to rashin tazara ɗaya tsakanin ba da shi ya haifar da bashin da babu shi. A baki ba za a taɓa rikita su ba, domin murya tana bambanta su. A takarda kuwa babu murya, tazarar nan ita ce muryar. Ranar da mai rubutun ya kwanta dama, magada suka zauna gaban alƙali da takardar a hannu, babu wanda zai tashe shi ya faɗi wanne ya nufa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Malam ya bata yarinya. Mai rubutu yana nufin malam ya ba ta yarinya, wataƙila riƙo, wataƙila ta taya ta aiki. Mai karatun da ya saba ganin ana zubar da ƙugiya, wanda aka koya wa ya riƙa mayar da ita da kansa, yana iya karanta ya ɓata yarinya. Kuskure biyu ne suka haɗu a kalma ɗaya, na haɗe abin da ya kamata a raba da na sabon cire ƙugiya, suka haifi ƙazafi. Duk wanda ya san yadda magana ke yawo a Facebook da WhatsApp ya san ba a bukatar fiye da haka kafin mutuncin mutum ya zube.

Wani abin ma dariya yake ba ni, dariyar da ta fi kuka ciwo. Tun da rashin tsaro ya raba dubban mutane da ƙauyukansu a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kalmar jin ƙai ta zama abincin kafafen labarai. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata sukutum don wannan aiki. Sau nawa muka karanta an rubuta ma'aikatar jin kai, kayan jin kai, ƙungiyoyin jin kai? Jin ƙai tausayi ne. Jin kai girman kai ne. Tsakanin mai tausayin ɗan gudun hijira da mai hura masa hanci babu komai a rubuce sai lanƙwasar da ke kan harafi ɗaya. Haka idan aka yi rasuwa, maimakon a roƙa wa mamaci Allah ya ji ƙansa, sai ka ga an jero jikansa, kamar ana lissafin zuriya.

Waɗannan haruffa ba daga sama suka faɗo ba, kuma sanin wahalar da aka sha kafin a same su yana ƙara mini takaici. Tun daga J.F. Schön, wanda ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, Turawan da suka fara rubuta harshen da baƙaƙen Rumawa sun daɗe suna kokawa da sautukan da kunnensu bai saba da su ba. Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutu a 1912. G.P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. A tsakanin nan an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada alama a gabansa, an gwada a bayansa. Sai a shekarun 1930, zamanin da R.M. East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya. Da su aka tashi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, mutumin da ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina. A lokacin, harafi ƙarfe ne da ake zubawa, a jera shi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka suka jera. Bayansu aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako, aka yi na Kano a 1972 a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, aka yi na Yamai, har Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Wanda ke son tarihin dalla-dalla ya nemi Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988. (Sunan jaridar nan kansa gwaji ne. Haɗe ta da fi, sai ka kori gaskiya ka ce mata tafi. Shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 kuwa, cire masa ƙugiya, sai ya koma kiran wata mata ta taho da jahilcinta.)

Uzurin na'ura ya mutu, sai dai ba a yi masa jana'iza ba. A zamanin tafireta ana iya cewa injin ba shi da harafin, kuma ko a lokacin akawu mai kula yakan bi takarda da alƙalami ya lanƙwasa kawunan da hannu. Yau wayar da ke aljihun ɗan acaɓa tana da allon rubutun Hausa, saukar da shi bai kai lokacin shan shayi ba. Matasan da ke rubuta qasa da qauye ina yi musu sassauci kaɗan, don aƙalla kunnensu ya ji cewa sautin daban yake, sun nemi mafita ne suka ɗauki wadda ba ita ba. Amma mai rubuta xan xo da xuwa fa? Harafin z yana nan a kan allonsa, bai ɓata ba, bai yi tsada ba. Wannan ba rashin kayan aiki ba ne, yanga ce. Haka mai rubuta chewa da chikin, wanda ya aro wa Hausa harafi biyu inda ɗaya ya wadatar tun kafin a haifi kakansa.

Raba kalma da haɗa ta shi ne inda har marubutan kirki suke tuntuɓe, alhali ƙa'idar ba ta kai yawan karatun sallah ba. Gajeruwar mallaka tana manne da sunanta: gonarsa, gidanmu. Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa yana tsayawa shi kaɗai: an kama shi, na gan ta. Yana da suna da yakan da yake a haɗe suke. Ne da ce ba sa jingina da kowa. Wanda ya rubuta Hajiya itace shugaba ya mai da baiwar Allah makamashi. Akan yi ruwa a kan dutse: na farko al'ada ce, na biyu wuri ne. Bangon da aka rubuta wa ba'a shiga kuwa ba hani ya yi ba, zolaya ya ambata, domin ba'a ita ce izgili, ba a ita ce korewa. Za'a ma babu ita a harshen sam. Ban ce malamai sun gama daidaita komai ba. Har yau akwai kalmomin da ake ja-in-ja a kansu, kuma Nijeriya da Nijar ba su zama ɗaya a kan 'y ba. Amma saɓanin malamai a kan gefen gona ba ya ba kowa izinin sakin shanu a tsakiyarta.

Akwai ƙorafi ɗaya da nake girmamawa, domin daga mutanenmu yake fitowa. Suna cewa daidaitacciyar Hausa ai Kananci ce aka naɗa wa rawani, don me mu da muke cewa hwara da hwaɗa za a tilasta mana rubuta fara da faɗa? Gaskiya ne an gina daidaitaccen rubutu bisa karin Kano, kuma ina cikin masu ganin cewa marubucin ƙagaggen labari ko waƙa yana da 'yancin sa wa mutanensa Katsinanci ko Zamfarci a baki, ya rubuta shi yadda ake furta shi. Sai dai wannan ƙorafi bai taɓa abin da nake magana a kai ba ko kaɗan. Babu karin Hausa, daga Sakkwato zuwa Haɗeja, daga Maraɗi zuwa Zariya, da ba ya bambanta baki da baƙi, ko bari da ɓari, ko fada da faɗa. Mai rubuta hwaɗa da ƙugiyarsa ya kiyaye karinsa ya kuma kiyaye harshen. Mai rubuta fada yana nufin rikici bai kare Katsinanci ba, bai kare Kananci ba, ya dai aika masu dambe gidan sarki.

Wanda ya fi cutuwa a duk wannan shi ne wanda ba shi da bakin magana: yaron aji biyu. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. Hikimar ita ce rubutun Hausa, ba kamar na Ingilishi ba, kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, don haka yaron da ya san baƙaƙe da wasula yana iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba. Wannan ita ce babbar garaɓasar da harshenmu ya ba mu. Babba mai karatu yana iya cankar ma'ana domin ya riga ya iya. Yaro kuwa harafi yake bi. Malami ya koya masa a aji cewa k daban ƙ daban, ya fito ya tarar da allon kanti da takardar maganin rigakafi da littafin da yayarsa ke karantawa a waya duk sun ƙaryata malamin. A yankin da makarantu suka sha rufewa saboda 'yan bindiga, inda yaro yakan yi watanni bai ga allo ba, rubutun bango da na waya su ne makarantar da ba ta rufewa. Abin da muka rubuta a can shi yake koya.

Don haka ba mai fentin allo nake nema da faɗa ba. Shi abin da aka ba shi a takarda yake kwafa. Ina neman wanda ya ba shi takardar. Ina neman ƙungiyoyin agaji da ke kashe kuɗi masu yawa a kan fassara, su karɓi aikin da ba za su taɓa karɓa ba da Ingilishi ne, don babu mai dubawa a ofishinsu. Ina neman kafafen labarai na intanet da ke da edita na siyasa da na wasanni amma babu mai tace rubutu. Ina neman marubutan littattafan waya, waɗanda dubban mata da 'yanmata ke karantawa kowane dare, waɗanda tasirinsu a kan yadda ake rubuta Hausa yau ya fi na kowane farfesa, ko sun sani ko ba su sani ba. Ina kuma neman malaman jami'a da na kwalejojin ilimi, na Katsina da Dutsinma da sauransu, domin ƙa'idar da ta tsaya a zauren taro da mujallar da mutum hamsin ke karantawa ba ta isa kasuwa ba. Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta ta cika da rawani da kalangu da karin magana, abin sha'awa, sai dai sau da yawa sanarwar bikin kanta ba ta tsira daga cutar ba.

Abin da nake nema ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, waɗanda ke tura wakili ɗaya Majalisar Wakilai, su sa a rubuta sunayen garuruwansu daidai a duk takarda da allon da aka yi da Hausa. Masu maɗaba'a a Funtuwa da Katsina su ajiye mutum ɗaya da zai duba aiki kafin a buga, kamar yadda suke yi wa katin biki na Ingilishi. Masu shirya gasar rubutu su rage maki a kan ƙugiya kamar yadda masu jarrabawa ke yi, ko da labarin ya kai zuma daɗi. 'Yan siyasa kuwa, tunda su ba a kama su sai ta inda riba take, su dubi fastocinsu da kyau kafin zaɓe mai zuwa. Wanda ya biya kuɗi aka buga masa ku fito ku kada kuri'a, ya sani kalmar da ya manna a tsakiyar roƙonsa ita ce wadda Bahaushe ke hana abu da ita, kuma ita ce sunan dabbar da ke kwance a bakin kogi tana jiran mai tsallakawa.